Kira ga Hukumar Haraji ta Ƙasa Kan 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare

Zuwa ga Mai girma Shugaban Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Najeriya, tare da sanarwa ga Mai girma Ministan Harkokin Waje da shugabancin Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne da bakina da bakin ire-irena da neman abinci ko neman ilimi ya fitar da mu daga gida. Buƙatarmu a asali guda ce, sauran duk rassanta ne. A faɗa mana a rubuce, da hatimin hukuma, wane ne dokar haraji ta ɗauka mazaunin Najeriya, wane ne ba ta ɗauka ba. Sannan wanda ya biya abin da ke kansa a gida a ba shi takardar da zai nuna a ƙasar da yake zaune.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na gyaran haraji, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyansu. Daga cikinsu ne tsohuwar FIRS ta koma NRS da kake jagoranta. Mun ga alherin da ke ciki. An ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, aka ɗora mafi nauyin kason, wato kashi 25 cikin 100, a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Da jita-jita ta yi yawa cewa za a riƙa yankar kuɗin da muke aiko wa iyaye, kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya fito ya yi bayani cewa kuɗin aike da kyauta ba su da haraji, kuma wanda ba mazaunin ƙasa ba ne ba zai biya komai ba sai a kan abin da ya samu a cikin Najeriya. Mun ji, hankalinmu ya ɗan kwanta, mun gode. Sai dai hira da 'yan jarida ba ita alƙali zai buɗe ba ranar da gardama ta tashi. Dokar zai buɗe.

To dokar me ta ce? Yawancinmu abin da muka sani shi ne lissafin kwana: wanda ya yi kwana 183 a Najeriya cikin wata goma sha biyu mazauni ne. Amma sabuwar dokar ba ta tsaya nan ba. Ta kuma ambaci wanda yake da mazauni na dindindin da aka tanada don amfaninsa a ƙasar, da wanda yake da alaƙa mai ƙarfi ta dukiya da ta iyali na kusa. Mazauni kuwa ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu, a ko'ina ya same shi a duniya.

Ranka ya daɗe, wannan siffar ai tamu ce gaba ɗaya. Wane Bahaushe ne zai shekara biyar a waje bai aza tubali a garinsu ba? Gini shi ne abu na farko da uwa take tambaya, shi ne kuma abin da dangi suke auna tafiyar mutum da shi. A ɗauki likita ɗan Kano da ke aiki a wani asibiti a Tabuka ta Saudiyya. Yana da gida a Rijiyar Zaki, ɗakinsa a kulle yana jiran sa, yana da jari a Kantin Kwari da ƙaninsa ke juyawa, matarsa da 'ya'yansa suna gida. Shi kuwa wata guda yake yi a Najeriya duk shekara. A lissafin kwana ba mazauni ba ne. A lissafin gida da iyali da dukiya, kowane jami'i zai iya cewa mazauni ne, kuma ba za a ce ya yi wa dokar ƙarya ba.

Abin da ya kamata hukuma ta lura da shi shi ne dalilin da ya sa iyalin nasa suke gida. A watan Yulin 2017 Saudiyya ta sa kuɗi a kan kowane mutum da baƙo yake riƙe da shi a igamarsa, wato takardar zamansa, riyal 100 a wata, aka riƙa ƙarawa duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar sai ya fitar da riyal 2,400 kowane wata kafin a yi maganar haya ko makaranta, ga kuma harajin VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a wannan shekarar. Wannan ne ya sa magidanta da yawa suka kwaso iyali suka dawo da su, suka koma su kaɗai. Wato dokar can ce ta raba mutum da iyalinsa, yanzu kuma ana fargabar dokar nan ta kafa hujja da rabuwar. Kuma tunda Saudiyya ba ta karɓar haraji a kan albashi, ba shi da wani rasit da zai nuna a rage masa. Idan aka ce mazauni ne, albashin ɗungurungum ya shiga lissafi.

Na san za a ce ba haka ake nufi ba. Na yarda. Amma harajin ɗaiɗaikun mazauna ba ofishinka ne yake karɓa ba, hukumomin jihohi ne, talatin da shida da ta Abuja, kuma babu gwamnan da ba ya matsa wa tasa hukumar ta ƙaro kuɗin shiga. Ɗan ƙetare ba ya haɗuwa da su sai ranar da ya je neman takardar mallakar fili ko izinin gini, a ce ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku. Nan ne jami'i zai dube shi, ya dubi fasfonsa, ya yanka masa adadi da ƙiyasi. Mutumin da jirginsa zai tashi jibi ba shi da lokacin ɗaukaka ƙara. Ko ya biya abin da ba ya kansa, ko a daidaita a bayan fage, kuɗin bai shiga baitulmali ba. Duk biyun asara ce ga ƙasa, ta biyun ma ta fi muni.

Saboda haka muke roƙon ofishinka, tare da Hukumar Haɗin Gwiwa ta masu tara haraji da sabuwar dokar ta kafa, ku fitar da takardar umarni guda da za ta ɗaure kowace jiha. Ta zo da misalai irin na rayuwarmu: mai gida a kulle, mai mata biyu ɗaya a nan ɗaya a can, ɗalibin da gwamnatin jiha ta tura karatu ya samu aikin wucin gadi, ma'aikacin da kamfanin Legas yake biya alhali yana zaune a Kanada. A ce wannan mazauni ne, wannan ba mazauni ba ne, ga dalili. Wanda kuma aka tabbatar ba mazauni ba ne a ba shi shaida ya riƙe.

Wannan ɓangaren gida ke nan. Ɓangaren waje ya fi shi ciwo, domin can kuskuren haraji yana iya cin takardar zaman mutum.

Sai an yi mana uzuri kaɗan a nan, saboda tarihinmu. Kakanninmu sun san haraji da jangali a matsayin abin da dagaci da mai unguwa suke zuwa karɓa, mai shanu ya kora garkensa daji, talaka ya kwana a gona. Yaƙi da wannan na cikin abin da ya tara wa NEPU jama'a, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su. Waɗanda aka haifa bayan nan sun tashi ba su taɓa ganin mahaifinsu ya cike fom ɗin haraji ba. Ma'aikaci ana cire nasa tun kafin albashi ya iso, ɗan kasuwa kuma yana sallamar masu rasit a bakin shago. Tunanin cewa mutum da ƙafarsa zai je ya ce wa hukuma ga abin da na samu bana, ga abin da kuke bi na, baƙo ne a wurinmu. A Ingila da Amurka kuwa a kan wannan aka gina tsarin gaba ɗaya, kuma "ban sani ba" ba ta fid da kowa.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya da ke aiki a Ingila. Ana cire harajin albashinta duk wata, don haka a ganinta ta fita haƙƙin kowa. Amma tana da gida a Kaduna da ta zuba 'yan haya, kuma ran Asabar tana yin abincin biki ana biyan ta. A dokar can duk biyun kuɗin shiga ne. Shekarar harajinsu tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Wanda ya samu abin da ya haura fam 1,000 daga sana'ar gefe dole ya yi rajista kafin 5 ga Oktoba, ya miƙa bayani ta intanet kafin 31 ga Janairu, in ya makara da kwana ɗaya tarar fam 100 ta hau kansa, tana kuma hauhawa. A da akwai sassauci ga baƙi a kan kuɗin da suka samu a ƙasarsu matuƙar ba su shigo da shi ba, wanda bai kai fam 2,000 ba ma ba a tambayarsa. Tun 6 ga Afrilun 2025 an rushe wannan tsari. Abin da ya maye gurbinsa rangwame ne na shekara huɗu ga sabon zuwa, shi ma sai an nema a rubuce, kuma wanda ya nema ya sarayar da fam 12,570 da ake yafe wa kowa a shekara. Ga mai albashin jinya wannan ciniki ne na faɗuwa. Wa ya gaya mata wannan kafin ta hau jirgi? Babu.

Ba kuma za ta ɓuya ba. Tun 2020 Najeriya ta shiga musayar bayanan asusun banki da ƙasashe fiye da ɗari suke yi a tsakaninsu duk shekara, Birtaniya na ciki. Layin nan da ke fom ɗin buɗe asusu, inda ake tambayar ƙasar da mutum yake biyan haraji, wanda muke cikewa a tsaye muna sauri, shi ne yake kai labarin asusun Kaduna har Landan. Tun Janairun 2024 kuma kamfanoni irin su Uber da eBay da Airbnb suna tattara bayanin abin da masu aiki da su suka samu don miƙa wa hukumar harajin Birtaniya. A 2025 Babban Bankin Najeriya ya buɗe mana hanyar samun lambar BVN daga waje, ya kuma ƙirƙiro asusu na musamman don mu kawo ajiyarmu gida. Abu ne mai kyau. Amma hukumar da ta kira mu mu buɗe asusu, ta kuma ɗauki alkawarin sanar da wata ƙasa abin da ke ciki, ya dace ta gaya mana haka da babbar murya tun a bakin ƙofa.

A Birtaniya tara a kan kuɗin waje da ba a bayyana ba tana iya kaiwa ninki biyu na harajin kansa. Wannan ma da sauƙi. A 2018 ta bayyana cewa ma'aikatar cikin gidan Birtaniya tana hana ƙwararrun baƙi takardar zama ta dindindin saboda saɓani tsakanin kuɗin da suka faɗa mata da wanda suka faɗa wa hukumar haraji, tana kafa hujja da wani sakin layi mai lamba 322(5) da ya shafi halin mutum. Wasunsu gyaran kuskure kawai suka yi a takardunsu. Sai da magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 2019 aka ce tilas a saurari mutum kafin a yanke masa hukuncin rashin gaskiya, amma kafin nan mutane sun rasa aiki, an tsayar da rayuwarsu cak.

Ga inda hannunka yake da tasiri kai tsaye, ranka ya daɗe. Akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya tun 1987 ta hana biyan haraji sau biyu. A ƙarƙashinta Najeriya tana da haƙƙin karɓa a kan hayar gidan da ke ƙasarta, Birtaniya kuma ta rage abin da aka biya daga nata lissafin. Amma ba a ragewa da baki, sai da shaida. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar nan dillali ne yake karɓar hayar, ya cire la'adarsa, ya ce ya cire na gwamnati, ya tura sauran ga mahaifiyarta. Ko ya kai na gwamnatin, ko bai kai ba, babu takarda. Yarjejeniyar tana nan a rubuce shekara kusan arba'in, amfaninta bai wuce manyan kamfanoni masu akantoci ba. Muna roƙon a buɗe mana kafa ta intanet inda mutum zai shiga da lambarsa ta NIN daga duk inda yake, ya bayyana hayar da ya karɓa ko ribar hannun jarinsa, ya biya, ya sauke shaida mai lambar da wata hukuma za ta iya tantancewa. Wannan kuɗi ne da a yanzu ba ya zuwa muku, kuma masu shi suna neman hanyar kawowa ne don su tsira a can.

Amurka kuwa ba mu da irin wannan yarjejeniya da ita sam, ga shi dokarta ta fi ta kowa dogon hannu. Tana bin ɗan ƙasarta da mai katin zama na dindindin duk inda suke a duniya. Wanda jimillar kuɗinsa a bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne cikin shekara, wajibi ne ya cike fom ɗin da ake kira FBAR, ko da ba a bin sa sisi. Akwai masu hali da suka kai matansu haihuwa can don yaro ya samu fasfo, yaron ya girma a Maitama ko Nasarawa bai san wannan wajibin yana wuyansa ba. Tsohon Firaministan Birtaniya Boris Johnson ma, da aka haifa a birnin New York, sai da ya biya Amurka haraji a kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar. Sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗora kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje da tsaba, daga farkon 2026, ban da wanda aka tura daga asusun banki ko da katinsa. Mai wankin mota da yake kai tsabar kuɗi kanti ya aika gida shi zai biya, mai asusu ya tsira. Jimla ɗaya da Hausa ta isa ta sanar da shi wannan.

'Yan kasuwa nasu daban ne, ba zan tsawaita ba. Dubai da aka sani ba haraji ta fara karɓar kashi 9 cikin 100 na ribar da ta haura dirhami 375,000 tun Yunin 2023. A Saudiyya baƙon da ya buɗe shago da sunan ɗan ƙasa yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan 5. A Ghana dokar zuba jari ta 2013 ta nemi jarin dala miliyan ɗaya daga baƙon da zai yi saye da sayarwa, kuma mun ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Akara da Kumasi a 2019 da 2020.

Abin da muke nema daga Ma'aikatar Harkokin Waje bai kai a kira shi aiki ba. Takarda shafi guda ga kowace ƙasa da muke da yawa a cikinta: ranar da shekarar haraji take ƙarewa, abin da ake bayyanawa, tarar makara, da ko akwai yarjejeniya tsakaninta da mu. A riƙa miƙa ta tare da sabon fasfo, a liƙa ta a ofisoshin jakadancinmu na Landan da Jidda da Akara. A yi ta da Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da Turanci. Ga mutanenmu ma murya ta fi takarda tafiya: saƙon minti uku da jami'in hukuma ya karanta da bakinsa zai zaga WhatsApp kafin magariba, tunda ta nan ƙaryar ma take zagawa. In da hali a ajiye jami'i guda da ya san haraji a manyan ofisoshin, ko da rana ɗaya ce a mako.

Kada a ɗauka muna neman a taya mu zillewa ne. Malamanmu a can suna faɗa a kan mumbari cewa biza alkawari ce, wanda ya shiga ƙasar mutane da amincinsu ya ɗauki sharuɗɗansu, kuma fitar da zakka ba ya sauke harajin hukuma. Muna da namu gyaran da za mu yi a tsakaninmu. Mai riƙe kuɗin adashi a asusunsa, da wanda yake karɓar fam a hannun 'yan'uwa a biya naira a Wapa, su sani cewa a idon mai bincike duk abin da ya shiga asusu kuɗin shiga ne har sai an nuna akasin haka, kuma canji ba rajista laifi ne mai zaman kansa. Wannan namu ne, za mu ci gaba da faɗa wa juna. Amma fassarar dokar Najeriya da shaidar biyan harajin Najeriya ba mai iya bayarwa sai ku.

Kuɗin da 'yan ƙetare suke aikowa gida yana kai wa kimanin dala biliyan 20 a shekara. Har yau ba mu da damar jefa ƙuri'a daga inda muke, ba mu da ɗan majalisar da za mu kai wa kuka, shi ya sa muka rubuto kai tsaye. Sabuwar dokar ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Muna roƙon a ba shi ikon karɓar kokenmu ta intanet, a saurare mu ta bidiyo, kada a ce sai mutum ya sayi tikitin jirgi kafin ya yi gardamar kuɗin da bai kai na tikitin ba. Waɗanda kuma suka yi shekaru suna karɓar haya ba su bayyana ba don rashin sani, a buɗe musu wa'adi su zo su biya asalin abin da ke kansu ba tare da tara ba, kamar yadda aka yi a shirin bayyana kadara na 2017.

Game da lokaci, na Ingila suna miƙa bayaninsu kafin 31 ga Janairu, na gida kafin 31 ga Maris, na Amurka kafin 15 ga Afrilu. Muna roƙon takardar umarnin da kafar karɓar shaidar su fito da wata uku aƙalla kafin ta farkon, don mutum ya samu sararin nemo rasit a wurin dillali.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya. Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa mazaunin ƙetare